Ranar Layyar da Na Rage wa Tayoyina Iska

Na sauka birnin Greensboro na Amurka da jaka ɗaya, rabinta tufafi, rabinta littattafan soyayya irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawo mana Maraɗi daga Kano. A cikinsu na fara ganin ƙasar waje. Saurayi zai ɗauki amaryarsa su tsaya ƙarƙashin bishiya, dusar ƙanƙara na sauka a kan gyalenta, shi kuma yana zuba mata kalamai. Na karanta irin wannan har na haddace. A duk marubutan nan babu wanda ya taɓa gaya mini cewa ƙanƙara idan ta kwana a kan kwalta gilashi take zama.

Wanda ya yi mini alkawarin masauki ya ajiye ni a ƙasan kicin ɗinsa a unguwar Glenwood, tsakanin firji da kwandon shara. Wata biyu na yi a wurin kafin na samu aiki a wani kamfanin katifu, na kama ɗaki a gidan da ke kallon nasa. Kullum bas biyu nake shiga, in sauka a babbar tashar cikin gari in jira na biyun, hannuwana cikin hammata. A wannan jiran na fi tuna gida. Ba mutane nake tunawa ba ma, ƙamshin tsiren bakin tasha nake tunawa, da yadda mutum zai tsaya a titi a gaishe shi sau goma kafin ya kai lungu.

Maƙwabcina a sabon gidan shi ne Bitrus, mutumin Jos, yana aiki a wani shagon sayar da taya. Ranar da ya gan ni na fito cikin sanyi da 'yar shara, sai ya koma ciki ya ɗauko wata ƙatuwar rigar sanyi ya jefo mini.

"Ɗan Nijar, saka wannan. Idan ka mutu a ƙofar gidana ni za a tambaya."

Shi ya koya mini dokokin titin garin har na ci jarrabawar tuƙi.

A wajen wani suna na ga Ramatu. Tana rabon abinci, ta miƙo mini faranti ba ta ko dube ni ba, ni kuwa na koma gida na cika shafi huɗu da bayanin idanunta. Tun tana ƙarama aka kawo ta Amurka, tana karatun aikin jinya, Hausarta na fita da ɗan karkace amma ba ta kewaye-kewaye. Da na fara karanta mata abin da na rubuta a waya, sai ta yi dariya ta ce, "Lawali, kai ka rubuta, ko kwafa ka yi?" Duk da haka ba ta kashe wayar ba. Wata shida muna magana kafin ta ce in je in gaida mahaifinta.

Mahaifinta shi ne Baba Illo. Duk 'yan Nijar na garin sun san shi. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan manyan motoci daga Agadas zuwa Bilma, cikin rairayin da ba hanya ba alama, kuma bai taɓa barin fasinja a daji ba. Idan yana magana a majalisa ba mai tari. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Da me ka zo?"

"Da bas, Baba."

"Bas. To yaya za ka riƙe mace a garin da ko gishiri sai da mota ake sayowa?"

Wannan maganar ce ta sa na sayi tsohuwar akori-kura, fara, mai buɗaɗɗen baya. Na ce ga abin hawa, ga kuma abin ɗaukar wa mutane kaya ranar da ba na aiki. Injinta lafiya lau. Tayoyinta ne suka suɗe kamar tafin hannu.

Aka ce in je wurin Sabi'u. Shi ma mutumin Maraɗi ne, unguwarsu na bayan tamu, sana'arsa tara tsofaffin tayoyi yana aikawa Kwatano a kwantena. Na same shi a filinsa yana cusa taya cikin taya, uku a wuri ɗaya, don kwantena ta ci da yawa. Ya rungume ni, ya tambayi mahaifiyata da sunanta.

"Ƙanena, kai ba za ka ɗauki na tsibin nan ba. Zo ka ga waɗanda na ajiye wa kaina."

Ya fito da guda huɗu, baƙi ƙirin suna sheƙi, zanensu da zurfi har yatsa na shiga. Ya ɗaura mini da hannunsa, ya ce ya yi mini farashin gida. Na tafi ina sa masa albarka.

Da yamma Bitrus ya dawo daga aiki ya tarar ina wanke motar. Ya tsuguna gaban taya ɗaya. Ya sa farce cikin zanen, ya shafa gefen, ya leƙa rubutun jiki.

"Wa ya sayar maka da waɗannan?"

"Ɗan garinmu."

"To ɗan garinku ya yanka ka. Na farko, tayar ƙaramar mota ce, ba ta akori-kura ba. Ta ɗaukar kaya gefenta da kauri, akwai haruffa biyu a gaban lambarta, ka gan su a nan? Babu. Na biyu, dubi zanen nan. Ba kamfani ya yi shi ba, da wuƙa mai zafi aka sake tona shi, saura kaɗan a taɓo wayar da ke cikin tayar. Na uku, ga shekarar da aka yi ta a rubuce. Ta tsufa, mai aka shafa mata. Ka ga tsagar nan?"

Na gani. Ƙananan tsaga kamar faso, zagaye da tayar.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko ɗan geji na auna iskar taya, mai kama da biro, ya ba ni, ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini takardar da ke manne a jikin ƙarfe, inda aka rubuta yawan iskar da kowace taya ke so.

"Sanyi da kansa yana rage iska. Kai ƙarawa za ka yi, ba ragewa ba. Ka auna da safe kafin ka motsa. Kuma ka cire waɗannan kafin ƙanƙara ta zo, ka sa huɗu na gaske. Ba biyu ba, huɗu. Ka ji ni, Malam mai soyayya?"

Washegari na koma wurin Sabi'u raina a ɓace. Bai ko ajiye ƙarfen da ke hannunsa ba.

"Yanzu ka bar ɗan'uwanka ka je kana sauraren ɗan Najeriya? So yake ka saya a shagonsu. Irin waɗannan tayoyin su ake hawa daga Maraɗi har Yamai da mutum goma sha a ciki. Ka zo Amurka jiya har ka fi ƙarfin abin da ubanka ya hau?"

Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Fushi ya cika ni, amma ya girme ni, kuma ya san gidanmu. Na shiga mota na tafi. Na ce a raina bayan Sallah zan canja su.

A waɗancan shekarun Babbar Sallah tsakiyar sanyi take faɗowa. Al'adar mutanenmu a can, bayan an sauko daga Idi sai maza su tafi wata gona bayan garin Pleasant Garden, inda wani Bature ke kiwon tumaki, kowa ya yanka ragonsa a can, a feɗe, a kawo naman gida. Saura kwana uku Baba Illo ya aiko a kira ni.

"Na ji ka yi mota. Kai za ka ɗauko mana naman bana, gida tara. Ni zan zauna a gaba tare da kai. Idan an gama hidimar Sallah, sai ka turo manyanka mu ji."

Na fito daga gidan ban san inda nake taka ƙafa ba. Ramatu na bakin ƙofa tana saka takalmi za ta makaranta, ta ce a hankali, "Ka ji dai. Kada ka ɓata."

Ranar Sallah muka tashi bishiyoyi duk sun yi sulke da ƙanƙara. An zuba gishiri a manyan tituna ya narkar da ita, don haka tafiya ba ta yi wuya ba, na bi a sannu, motoci uku na mutanenmu na biye da ni. Baba Illo na gefena cikin babbar riga da rawani, yana ba ni labarin wata shekara da suka kwana huɗu a rairayi da ruwan jarka ɗaya. Bai ci komai ba tun asuba, yana jiran hantar ragonsa. Ni kuma ina tuƙi ina tsara yadda zan ba 'ya'yanmu labarin wannan rana.

A gonar muka yi yanka, muka yi fiɗa da yatsu da suka ƙage. Matar mai gonar ta fito da butar kofi mai zafi da kofunan takarda, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta karɓi komai ba. Kafin mu gama sai aka fara wani irin ruwa siriri, wanda yana taɓa abu yake daskarewa. Muka yi sauri muka loda naman cikin robobi da buhuna, kowanne da sunan gidan da za a kai.

Hanyar fita daga gonar ƙasa ce, da ɗan hawa. Na taka mai, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Na sake, haka. Baba Illo ya buɗe ƙofa ya sauka. Ya zaga motar, yana dukan kowace taya da ƙafa.

"Sun yi tauri kamar dutse. Rage musu iska."

Na ce, "Baba, an ce a ƙanƙara ba a..."

"An ce. Wa ya ce?"

Mutane sun taru, wajen goma sha biyu, duk sun girme ni. Wani ya yi 'yar dariya.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake fitar da mota daga inda ta kafe. Taya idan ta yi laushi sai ta baje ta kama ƙasa. Da rairayi da wannan farin abin duk ɗaya ne. Rage."

Ina da geji a aljihu. Ina da maganar Bitrus a kunne, kalma bayan kalma. Na san takardar da ke jikin ƙofa. Amma mutumin da nake neman 'yarsa ne ke tsaye a kaina, a gaban jama'a, ranar Sallah. A garinmu ko sunan surukinka ba ka faɗa, balle ka ce masa ya yi kuskure a kan sana'ar da aka san shi da ita. Na durƙusa cikin laka da sababbin kayana, na cire murfin bawul ɗin da ake hura iska ta cikinsa, na danna da gindin gejin da aka ba ni don in riƙa ƙarawa. Iska na fita tana shiii, shi kuma yana danna gefen tayar da babban yatsa.

"Ƙara. Ƙara dai. Yawwa. Ta gaba."

Duka huɗun sai da suka yi tumbi.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne motar ta fita. Na taka mai, mutane suka tura, ta haye hawan. Aka ɗauki sowa. "Tsoho ya san aiki!" "Agadas ba wasa ba!" Mai gonar ya biyo mu da sauri yana nuna rumfarsa, yana cewa yana da injin iska, mu tsaya a mayar kafin mu hau kwalta. Na juya na fassara wa Baba Illo. Ya kaɗa hannu.

"Hanyar duk ƙanƙara ce, haka za a bar su. Mata na jiran nama. Mu je."

Muna hawa kwalta na ji motar ta zama wata iri. Idan na juya sitiyari sai ta yi jinkiri kafin ta bi, bayan yana lilo kamar kwale-kwale. Na rage gudu har na bayana suka fara yi mini fitila. Baba Illo ya ce, "Kai, tafiya za mu yi ko rakiyar amarya?" Na ɗan ƙara.

Akwai wata ƙaramar gada a kan rafi, da kwana daidai ƙarshenta. Ban san cewa gada ta fi ko'ina saurin daskarewa ba. Muna hawa bayan motar ya zame zuwa dama. Na taka birki, abin da bai kamata in yi ba. Na ji wata ƙara a baya, ɗaya daga cikin tayoyin da suka yi laushi ta kwaɓe daga ƙarfenta gaba ɗaya, ƙarfen ya caki kwalta. Motar ta juya ta kalli inda muka fito, ta gangara, ta kwanta a rami ta ɓangaren Baba Illo.

Da na fito ta taga, abin da na fara gani nama ne. Cinyoyi, haƙarƙari, kawuna, warwatse a kan farar ƙasa, cikin fasasshen gilashi da man da ke zuba. Layyar gida tara. Sai na ji muryar Baba Illo a ciki yana salati. Muka taru muka zaro shi, hannunsa na dama ya karye a wuri biyu, rawaninsa ya jiƙe da jini daga goshi. Wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke kusa da bargo biyu, ta lulluɓe shi, ta riƙe ɗaya hannun nasa tana yi masa magana da Turancin da ba ya ji, har motar asibiti ta zo.

Ɗan sandan da ya zo ya zaga motar, ya danna tayar da ke sama da hannu, ta lotsa. Ya dube ni.

"Motarka ce? Wa ya sace iskar tayoyin nan?"

Mutanenmu na tsaye a bayana, waɗanda suka yi sowa a gona. Ba wanda ya yi motsi.

Na ce, "Ni ne."

Ya girgiza kai ya rubuta mini takarda.

Kwana uku bayan nan aka sallamo Baba Illo, gidansa ya cika da 'yan dubiya. Na je na zauna a bakin ƙofa, wajen takalma. Har da Sabi'u a ciki, ya miƙe ƙafa a kan kafet yana shan shayi.

"Yaran yanzu gudu ne da su," in ji shi. "Mutum ya samu lasisi jiya, yau yana jin shi direba ne."

Na ɗago ido na kalli Baba Illo, ina jiran kalma ɗaya. Ya gyara hannunsa da ke cikin filasta ya ce, "Ku bar shi. Ƙaddara ce. Yaro ne, hannunsa bai faɗa ba tukuna."

Aka yi ta yaba haƙurinsa. Waɗanda suka ga abin da ya faru a gona suna zaune a wurin, suna gyaɗa kai. Daga kicin na jiyo wata mata tana cewa bana dai sun yi Sallah da kaza, albarkacin surukin Baba Illo. Na sunkuyar da kai. Kuma in faɗi gaskiya, a ƙasan fushin akwai wani ɗan daɗi da nake ji. Na ɗauka abin da nake yi shi ne soyayya. Na rufa wa mahaifin Ramatu asiri, na ɗauki laifin da ba nawa ba, wata rana za ta gane ta yi kuka.

Bitrus ne ya raka ni filin da aka ja motar aka kai. Ya duba tayoyi ukun da suka rage, ya miƙe a hankali.

"Da gejin da na ba ka?"

"Surukina ne ya ce."

"Surukinka. Da ka mutu fa, shi zai je ya gaya wa mamarka? Ka ga, Lawali, wanda ya sayar maka da tayar ɓarawo ne, wannan na sani. Amma kai ka san gaskiya ka durƙusa. Ni ban san sunan da zan ba wannan ba."

Ya juya cikin fushi, muka kama hanyar gida.

Ranar Asabar da la'asar Ramatu ta kira ta ce in same ta a ƙofar gidansu. Na tarar da ita a tsaye jikin motar mahaifiyarta, da kayan asibiti. Na shirya kalamai tun a bas. Ba ta bari na fara ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ya ce a rage iskar?"

"Ni ne, Ramatu. Kuskurena ne."

"Lawali. Dube ni. Wa ya ce?"

"Na ce miki ni ne."

Ta buɗe jakarta ta fito da geji irin nawa sak, ta ɗaga shi a gaban fuskata.

"Ka san me ya sa nake yawo da wannan? Duk shekara, ranar da ƙanƙara ta fara sauka, Baba sai ya fito ya rage wa motar Mama iska. Duk shekara. Ni kuma in ɗauki motar in ce zan sayo burodi, in je gidan mai in mayar. Tun ina shekara goma sha shida nake wannan. Mama ba ta iya gaya masa, yayyena ba sa iyawa, duk garin nan ba mai iyawa. Na san shi ya ce. Tun a asibiti na sani."

Ta sauke gejin ta ci gaba.

"Bitrus ɗin da kake ba ni labari ya gaya maka ba a rage iska, ko bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini."

"To ka sani, ka yi. Ka saka babana a motar da ka san za ta iya kashe shi, don kada ya ji haushinka. Yanzu kuma na tambaye ka sau biyu, ka dubi idona ka yi mini ƙarya." Ta juya zuwa Turanci, ta dawo. "Ni na gaji da zuwa sayen burodi, Lawali. Na ɗauka zan samu wanda zai tsaya tare da ni ya ce masa, Baba, a'a. Cikin ladabi, amma ya ce. Idan gobe 'ya'yana ne a bayan motar fa?"

Ta mayar da gejin jaka ta shiga gida. Na tsaya a wurin har ƙafafuna suka mutu da sanyi. Na kira ta sau da yawa bayan nan, ba ta ɗauka ba.

Motar ta gyaru. Bitrus ya sauko daga fushinsa, ya zaɓa mini tayoyi huɗu na akori-kura, sababbi, ya ɗaura da kansa. Na ɗauki tsofaffin na kai filin Sabi'u na jefar a ƙofarsa, na caccaka musu wuƙa a gefe don kada su shiga kwantena su je su kashe wani a hanyar Yamai. Ya fito yana zagina, na zage shi, aka raba mu. Daga ranar aka ƙara mini suna a gari, bayan rashin iya tuƙi, ga rashin kunya.

Bayan sanyi ya wuce, wata Juma'a ina fitowa daga masallaci na ji an kama mini hannun riga. Baba Illo ne, an cire filastar, hannun ya ɗan kanƙance. Ya ja ni gefe, nesa da mutane.

"Lawali, ni ban riƙe ka da komai ba. Kai yaron kirki ne, kana da kunya, irinka nake so a gidana. Na ce mata na yarda ka turo. Ita ce ta ce sam, har da kuka." Ya matso kusa, ya rage murya, kuma na rantse da gaske yake tambaya. "Me ka yi mata ne?"

Ba kowa a kusa. Ba abin da ya rage da zan rasa. Maganar na bakina, na ji nauyinta a kan harshe. Na dubi furfurarsa, na dubi hannun.

Na ce, "Ban sani ba, Baba."